Na samu aikin jinya a Ingila, yara uku a hannuna, babansu ya ƙi sa hannu

Mai Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen matan da suke zaune a waje da yara su kaɗai, ko wanda ya san harkar takardu da shari'a.

Ni nas ce, ina aiki a wani asibiti a nan cikin Kano. Aurena ya mutu tun autana yana goye, yara uku ne, babbar mace ce shekararta 11, mai bi mata namiji 8, sai autan 4. Tunda muka rabu da babansu suna hannuna a gidanmu a Gwammaja, ci da sha da kuɗin makaranta da na islamiyya da magani duk ni ce, nasa sai dai in sallah ta zo ya aiko da shadda da takalma ko wani lokacin ya ɗan turo wani abu ta waya, ba ɓata shi nake ba wlh, ya yi wani auren yana da nasa nauyin, amma gaskiyar magana kenan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashina ba ya kai mu ashirin ga wata, kuɗin adaidaita kaɗai abin tsoro ne, ga kayan masarufi kun san inda suka kai, kullum a cikin cin bashi nake ina biyan wani da wani.

Na daɗe ina bin hanyar fita a hankali ban gaya wa kowa ba sai Hajiyarmu, na ci jarrabawar Turancin, na ci ta kwamfutar, yanzu cikin ikon Allah wani asibiti a arewacin Ingila sun ɗauke ni, saura ta ƙarshe wadda ake yi a can wato OSCE, jarrabawar gwada aikin jinya a aikace.

To ga inda gizo ke saƙar. Na tura yayana wajen babansu kan ya rubuta takardar amincewa a yi musu fasfo, sai ya ce shi 'ya'yansa ba za su tashi a ƙasar Turawa ba, in tafiya zan yi in kawo masa su gidansa. Ni kuma Allah ya sani ba zan iya kai 'yata mai shekara 11 hannun matar uba in tsallake teku ba, ba wai na ga wani mugun abu a wajen matar ba, kawai zuciyata ce ba za ta ɗauka ba, kuma yaran ko kwana biyu a jere ba su taɓa yi a gidan ba. Hajiya ta ce in bar mata su in tafi in dinga aiko da kuɗi, amma Hajiya tana fama da hawan jini ga ciwon gwiwa, ko autan nan kaɗai ya isa ya wahalar da ita. Wata ƙawata kuma ta haɗa ni da wani ejan wai zai yi min komai ba sai babansu ya sani ba.

Dan Allah in tafi da su ko in bar su? In da su ne ta ina zan bi? Kuma waɗanda suke can, da gaske mace ita kaɗai za ta iya haɗa dutin asibiti da yara uku ba mai taimako? Ina so a gaya min gaskiya ko ba daɗi.

Maman Biyu ta rubuta:

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na farko dai barka, duk wadda ta yi karatun jarrabawar nan tana dutin dare ga yara a gefe ta san abin da kika sha, Allah ya sa albarka. Ni 'yar Fagge ce kuma aikinmu ɗaya, ina Birmingham da yarana biyu, nawa mijin rasuwa ya yi shi yasa ta wajen takarda tawa ta zo da sauƙi, shaidar rasuwa kawai na haɗa. Taki daban ce, kuma akwai abin da nake so ki gane wanda da yawa ba sa ganewa sai an hana yaransu biza kuɗi ya tafi.

Ko da yau babansu ya sauko ya rubuta miki ya amince, wannan takardar ita kaɗai ba ta isa ba a wajen masu ba da bizar Ingila. Dokarsu ita ce yaro iyayensa biyu yake bi, in kuma ɗaya ce za ta kawo shi to sai dai ɗayan ya rasu, ko ki tabbatar musu ke kaɗai ce kike ɗauke da yaran kuma ke kike yanke komai na rayuwarsu, wace makaranta za su shiga, wane asibiti za a kai su, a ina suke kwana, ko kuma akwai wani dalili mai nauyi da ya sa dole yaron ya biyo ki. Kuma ba baki suke ji ba takarda suke kallo. Don haka tun yau ki fara tattarawa, rasit ɗin kuɗin makaranta na kowane zango, bayanin asusunki na banki inda kuɗin yake fita, wasiƙa daga hedimasta cewa ke kike zuwa taron iyaye kuma ke ake kira in yaro ba lafiya, katin asibiti, katin rigakafi, takardar saki, uwa uba takardar kotu da ta ba ki riƙo. In kina biyan kuɗin makaranta hannu da hannu ne ki daina, ki dinga turawa ta banki da sunanki.

Maganar ejan kuwa ki rufe ta ruf dan girman Allah. Abin da irinsu suke yi sai su haɗa miki takardar mutuwar miji alhali mutum yana raye yana yawonsa a gari, ko su kwaikwayi sa hannunsa, in aka gano ƙarya a takardar biza hukuncin yana kaiwa shekara 10 ba ke ba shiga ƙasar, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta nan za ta iya karɓe lasisin da kika sha wannan wahalar a kansa. Banda haka ma ranar da yaranki suka girma suka ji an kashe ubansu a takarda me za ki ce musu.

Inda kika yi sa'a, nas har yanzu tana da damar kawo iyalinta. Masu aikin kula da tsofaffi an rufe musu wannan ƙofar tun Maris 2024, ɗalibai ma tun Janairun 2024 sai masu digirin bincike irin na dakta ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Kuma irin bizarmu ba a biyan kuɗin lafiyar nan da sauran mutane suke biya, fam 1,035 a shekara kan babba, 776 kan yaro, ki lissafa na mutum huɗu ki ga abin da Allah ya ɗauke miki.

Yanzu bari in gaya miki wanda kika ce ko ba daɗi. Sabuwar nas bayan an cire haraji da fansho abin da yake shigowa hannunta a wata wajen fam 2,000 ne, a gida da an ji haka sai a buga da canjin Wapa a ce ai miliyan huɗu take ɗauka, nan take kowa ya fara turo miki da lambar asusu. To haya kaɗai ta gidan da zai ɗauke ku ku huɗu za ta iya lashe kusan rabi, ga harajin gida na ƙaramar hukuma duk wata, ko da yake in ke kaɗai ce babba a gidan ana rage miki kashi 25, ga gas da wuta wanda lokacin sanyi sai kin ji kamar ki yi kuka, kuma bizarki an rubuta ba ki da rabo a tallafin gwamnati, kuɗin yara da ake ba 'yan ƙasa ba za ki gani ba. Makarantar gwamnati dai kyauta ce, asibiti kyauta, wannan kam alhamdulillah.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi ba ni wahala ba, ƙarfe uku na rana ne. Dutinmu awa goma sha biyu ne da ɗoriya, kin shiga bakwai na safe sai bakwai da rabi na dare, makaranta kuma ana buɗewa wajen tara saura a tashi uku da kwata, kuma ƙananan yara ba a sakinsu sai wanda kika rubuta sunansa ya zo da kansa bakin ƙofa malama ta gan shi. A Gwammaja kin fita aiki ko ba ki ce komai ba akwai Hajiya akwai ƙannenki akwai matar maƙoci da za ta leƙo ta katanga, nan babu wannan, maƙocinki sai ku shekara gaisuwa ce kawai a bakin bola. Watan Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi, na sha tsayawa a lungun ɗakin magani da safar hannu a hannu ɗaya ina kiran waya da ɗayan in ji ko an ɗauko min su, zuciyata tana bugawa har sai na ji muryar ƙaramin. Kuma kar ki ce ai babbar ta kai 11 za ta kula da ƙannenta kamar yadda muka taso, a nan in aka ji kin bar yara su kaɗai kin tafi dutin dare makaranta ce da kanta za ta kira ma'aikatan walwalar yara, daga nan an buɗe miki fayil. Duka ma haka, ko ɗan tsinken tsintsiya, yaro ya faɗa wa malamarsa kin shiga uku.

Abin da ya cece ni wata 'yar uwa ce nas 'yar Ilori mai yara biyu, muka kama gida a layi ɗaya muka roƙi shugabar sashenmu kar a haɗa mu duti rana ɗaya, ranar da nake aiki yarana suna wajenta ranar da take yi nata suna wajena. Autanki kuma tunda ya cika huɗu, in Satumba ta zo zai shiga ajin farko na firamare yini guda, wannan zai rage miki sosai.

Shawarata ki fara tahowa ke kaɗai, ki ci OSCE ɗin hankalinki kwance dan suna so ki zauna mata cikin sati 12 da fara aiki, ki samu lambar rajista, ki kama gida, ki gano wadda za ku yi irin wannan musayar, sannan ki koma ki ɗauko su. Amma kar abin ya ja, watanni nake nufi ba shekaru ba, dan in suka daɗe a hannun wani musamman in babansu ya karɓe su a bayanki, hujjarki ta cewa ke kaɗai ce kike riƙe da su ta rushe kenan.

Ɗan Gwale ya rubuta:

Salamu alaikum. Malama Allah ya kawo mafita. Na daɗe ina aiki kusa da kotunan shari'ar Musulunci a nan Kano, bari in taɓa ɓangaren da Maman Biyu ta ce ki samo takardar kotu, dan ba shiga ɗaya ake yi a fito da ita ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta faɗi daga riƙo saboda wani dalili ba wajen uba ake fara zuwa ba, kakar wajen uwa ce, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Kenan maganarsa ta in za ki tafi ki kawo masa su ba haka take kai tsaye ba, Hajiyarku tana gabansa matuƙar tana da lafiyar da za ta iya, dan iyawa sharaɗi ne. Ciyarwa da tufatarwa kuwa a kansa suke duk inda yaran suke, abin da kike yi shekarun nan alheri ne kike yi ba wajibinki ba ne, Allah ya biya ki.

Sai dai akwai gefen da ba zai yi miki daɗi ba kuma gara ki ji shi a nan kafin ki ji shi a bakin lauyansa. A Mukhtasar an ce in mai riƙo za ta yi tafiyar ƙaura, ba ta fatauci ko ziyara ba, zuwa nisan baridi shida, wato wajen mil 72, to waliyyin yaran yana da haƙƙin ya karɓe su. Ko Zariya kika ce za ki koma da zama ta wuce wannan nisan balle Ingila. Saboda haka in kika shiga kotu da faɗa kina cewa a tilasta shi, kina iya fitowa ba yadda kika so ba. Alƙalai suna duba maslahar yaro ƙwarai, kuma mutumin da bai ciyar ba bakinsa ba ya da ƙarfi sosai, amma ni ba zan ba ki shawarar ki jingina rayuwar yaranki a kan haka ba.

Hanyar ita ce sulhu. Kuma ki yi haƙuri, yayanki ba shi ne ɗan aiken da ya dace ba, tsohon suruki da tsohon suruki ko gaisuwa ce sai ta zama gardama. Ki nemi wanda ba ya iya haɗa ido da shi, mahaifinsa in yana raye, ko kawunsa, ko malaminsa, ko limamin unguwarsu, Hajiya ta sa mayafi ta je da kanta ta same su. Kuma a saurari tsoronsa, dan tsoron nasa ba na banza ba ne, uba ne yana da 'ya mace tana gab da zama budurwa, yana jin labarai. A ba shi abin da zai riƙe, cewa za a sa su islamiyya, zai dinga magana da su ta waya duk sati yana ganinsu, za a kawo su hutu gida gwargwadon hali, kuma maganar auren 'yarsa shi ne waliyyi ba wanda ya isa ya taɓa wannan. Kar a shiga da maganar ai ba ka ciyar da su, duk da gaskiya ce, namijin Kano in aka fara masa da ka gaza to ko abin da yake so ne sai ya ƙi. In an daidaita sai a kai gaban alƙali a rubuta ya zama hukuncin kotu bisa yardar ɓangare biyu, cewa riƙo da kula da al'amuransu na hannunki kuma ya yarda ki fita da su. Abin da za a rubuta ya zama gaskiya tsantsa, kuma a yanayinki gaskiyar ma ta ishe ki.

In kuɗin lauya ne matsala akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna da reshe a Kano, akwai kuma hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, ki je da takardunki su duba miki.

Bawan Allah ya rubuta:

Ni dai tawa shawarar ki haƙura da tafiyar nan baki ɗaya. Mace ba muharrami ta tafi ƙasar da ba ta Musulmi ba da yara ƙanana, me ake nema a duniyar ne? Arziki na Allah ne, wanda ya ciyar da ku jiya shi zai ciyar da ku gobe. Ki samu miji ki yi aurenki ki zauna a ɗakinki, yaran kuma ki ba ubansu tunda ya ce yana so. Mun ga yaran da aka kai can suka dawo ko gaisuwa ba su iya ba.

Hajiyar Misra ta rubuta:

Bawan Allah, Allah ya yi maka albarka, maganar tarbiyya da ka kawo gaskiya ce, amma ka ce ta yi aure ta ba da yara kamar abu ne mai sauƙi, je ka tambayi zawarawan Kano nawa ne suke zaune da yara uku uku ba mai ko sallama a ƙofar gidansu. Maganar muharrami kuma ta kai wa malaminta ya ba ta fatawa a kan halin da take ciki, shi ya fi ni da kai sanin wannan.

'Yata ni na haife ki, ki ji tawa. Maigidana ya rasu ya bar ni da huɗu, na kwashe su muka koma Alƙahira na sa su makarantun Azhar, ni kuma ina saro abaya da kayan yara ina aikowa Kwari, a haka na rene su a Madinatu Nasr a hawa na biyar gidan da ba lifta, ni nake hawa da tulun gas. Duk lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, mu tashi da asuba mu tafi Abbasiyya mu bi layi, yara suna gyangyaɗi a jikina. Da kuɗinsu ya karye a Maris 2024 dala ta tashi daga fam ɗin Misra 31 zuwa wajen 50 komai ya ninka. Ba daɗi na sha ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa da na sani na bar su a gida ba.

Shi yasa ni ban cika son maganar ki fara tafiya ke kaɗai ba, duk da na gane dalilin Maman Biyu. Na ga mata da yawa a Makka da Jidda, 'yan uwanmu takari, kowacce da wata shida ta fito a bakinta, wata shidan ya zama shekara goma, can kuma in ma kina da iƙama mai kyau kowane yaro riyal 400 ne duk wata, masu aikin gida kuwa ba a ma ba su damar kawo kowa. Kuɗi suna zuwa gida, an gina ɗaki an sayi firij, amma yaro ya tashi yana kiran kakarsa Umma ke kuma ya ɗauke ki wadda take aiko da tsaraba. Na zauna da wata a Harami tana kuka 'yarta za a aurar ba ta ma san yaron ba sai a hoto. In dai dole sai kin riga su to kafin ki taka jirgi fasfonsu ya zama yana hannu, takardar kotu tana hannu, kin sa ranar ɗauko su kin gaya musu da bakinki, kuma ki samo wata 'yar uwa mai ƙarfi a jika ta zauna da Hajiya kina biyanta, kar ki ɗora wa tsohuwa mai hawan jini yaro ɗan shekara huɗu.

Sai harshe. Nawa cikin shekara ɗaya Larabcin Misra ya cika musu baki, ƙaramar har mafarki da shi take, sai na kafa doka daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ce kawai, wanda ya yi min wani yare ba na amsawa. Ranar Juma'a tuwo miyar kuka ko da garin semo ne, su zauna a ƙasa kwano ɗaya, su kira kakanninsu na wajen uba su durƙusa ko a waya ne su gaishe su. Dangin ubansu ba su taimaka min da ko sisi ba amma ban yanke su ba, yau babban shi ne yake zuwa musu gaisuwar sallah a madadinmu. Ke ma kar ki kuskura ki zagi babansu a gabansu ko ya ɓata miki rai, can za ki buƙaci yaron nan namiji ya san yana da uba da yake jin tsoron a gaya wa.

Mai Jinya ta rubuta:

Wlh na gode, na karanta ina hawaye, Allah ya saka wa kowa da alheri har Bawan Allah dan na san don Allah ya faɗa. Ejan dai na goge lambarsa. Anti Maman Biyu ban taɓa sanin takardar amincewar kaɗai ba ta isa ba, rasitan makaranta duk suna cikin wata jakar Hajiya ta ƙarƙashin gado, daren jiya muka zazzage su ni da babbar muna jerawa zango zango. Malam na Gwale mahaifinsa ya rasu amma akwai yayar babansa da ta riƙe shi yana yaro, tana Mandawari, ba ya tsallake maganarta kuma tana son yaran sosai, Hajiya ta ce jibi bayan la'asar za ta je da goro ta same ta. Hajiyar Misra Allah ya ƙara girma, maganarki ta wata shida ta shige ni, akwai 'yar ƙanwar Hajiya da ta gama sakandare tana zaune, zan yi wa iyayenta magana.

Abin da ban gaya muku ba, na zauna da babbar na tambaye ta, ta yi shiru can ta ce ita duk inda nake nan take so amma kar a raba ta da haddarta, tana izu goma sha takwas. Anti akwai islamiyya ta kirki a can? Sannan in Allah ya sa an daidaita me zan fara yi a takardun nasu dan kar lokaci ya ƙure?

Maman Biyu ta rubuta:

Akwai, kusan duk babban masallaci a garuruwa irin Bradford da Manchester da nan Birmingham suna da karatun yamma wajen biyar zuwa bakwai, biya ake yi duk wata, yawanci 'yan Pakistan ne ko Somaliya kuma akwai ajin hadda. Amma tunda ta yi nisa haka ki daidaita da malamarta ta yanzu su ci gaba ta waya ko sau uku a sati kina biyanta, lokacinmu da na gida ɗaya ne rabin shekara, lokacin sanyi ne kawai kuke gaba da awa ɗaya.

Takardu ki fara da shaidar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ta asibiti ba ta wadatarwa, sai NIN na kowane yaro har autan, ki duba sunaye da ranar haihuwa su zo iri ɗaya harafi da harafi dan gyaran nan shi yake cin watanni. Fasfo mai shafi 32 na shekara biyar tun Satumba 2025 naira 100,000 ne, na uku 300,000 kenan ki tanada. Gwajin tarin fuka sai kun je wuraren da suka amince da su irin na Abuja ko Legas kuma takardar wata shida take yi, kar ki yi shi da wuri ya mutu a hannunki. In asibitin ba su tsaya miki a takardar ɗaukar aiki ba sai an ga fam 315 na yaron farko da 200 na kowane mai bi sun kwana 28 a asusu. Tikiti daga Kano za ku samu ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ki yi ƙoƙari kafin babbar ta cika 12 dan daga nan kuɗin babba za ta biya. Takardar kotun da ta babansu su zauna a jakar hannunki ba a akwati ba, za a iya tambayarki tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji ki ɗauko da yawa, amma kilishi da dambun nama da man shanu kar ki saka, ba a shigowa da su. Ki turo min sunan garin da asibitin yake ta akwatin sirri in tambaya miki ko akwai 'yan gida a kusa.